Makullin da ke haɓar zanin Umma

1/ Ranar Asabar na je wani taro a nan Kano. A ƙasan saƙon gayyatar an rubuta: "Don Allah kada kowa ya zo da abinci, ko alawa, ko lemo. Mu ma ruwa kaɗai za mu raba." Kun taɓa ganin taron Hausawa babu ko cincin? Zare ne mai tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Taron iyalan yara ne masu wani ciwo da ake kira Prader-Willi. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunan ba. Mu ma sai da ƙanina ya shekara 9 muka ji shi. Yanzu shekararsa 12. A gida Auta muke ce masa, a nan ma haka zan ce. Ni ba likita ba ce fa, akanta nake karantawa, aji uku. Abin da na gani da wanda aka gaya mana zan faɗa.

3/ A taƙaice: Auta ba ya ƙoshi. Ba irin son abincin yara nake nufi ba. Saƙon nan da ke gaya wa mutum "ya isa haka", shi ba ya zuwa masa. Ku tuna yunwar bayan la'asar a azumin lokacin zafi. To a ce an sha ruwa, kun ci kun ƙara, amma yunwar tana nan inda kuka bar ta. Haka yake kwana, haka yake tashi, tun yana ɗan shekara huɗu.

4/ Abin mamaki, da aka haife shi akasin haka ne. Jikinsa a sake kamar tsumma, kukansa kamar na ɗan kyanwa, ba ya iya kama nono. Umma tatsa take yi tana ɗura masa da cokali, ɗigo-ɗigo, dare da rana. Shekarata 10 lokacin. Mata masu zuwa barka su leƙa shi su kalli juna. A tsakar gida na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "ɗan ruwa ne."

5/ Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan kalma. Wata tsohuwa har shawara ta kawo, wai a kai shi bakin rafi a ajiye ya koma wurin 'yan uwansa. Abba ba mai faɗa ba ne, amma ranar har ƙofar gida ya raka ta, kuma ba ta ƙara tako mana zaure ba.

6/ Sai da ya shekara biyu da rabi ya yi tafiya. Da ya fara cin abinci da kansa murna muka yi, Umma har sadakar waina ta yi. Ya yi kumatu, kowa ya gan shi sai ya ce tubarkalla. Ashe wani babin ne ya buɗe.

7/ Abubuwan da na ga Auta ya ci da idona: ɗanyar shinkafa, dunƙulen maggi, man gyaɗa a kwalba, dusar awaki, ragowar da ke kwanon almajirin gidanmu, ɓawon kankana daga bola. Wata rana ƙarfe uku na dare Umma ta same shi tsugune gaban firij yana gaigayar ɗanyen nama da ya yi ƙanƙara.

8/ Da farko kwaɗayi aka ce. Sai haɗama. Sai ɓarawo, don ya fara ɗaukar kuɗin cefane yana kai wa mai shago. Daga nan aka koma cewa aljani ne ke ci ta bakinsa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi. Amma akwai waɗanda suka ci kuɗin Abba, suka kuma dake yaron da sunan suna dukan aljani.

9/ Ƙarshe Umma ta sa kwaɗo a kicin da sito, ta zagaye firij da sarƙa, ta ɗaure makullan a haɓar zaninta. In za a yi baƙi sai ta cire kwaɗon ta ɓoye. Wata rana Gwaggo ta zo ba sanarwa ta gani. Ta ce, "A gidan ubansa ake kulle wa yaro abinci? Wannan ai rowa ce da rashin imani." Umma ba ta ce uffan ba. Ɗaki ta shiga ta daɗe ba ta fito ba.

10/ Yadda aka gano ciwon ma ba abincin ne ya kai mu ba. Minshari yake yi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. A asibitin yara wata likita ta kama hannunsa ta jujjuya, ta kalli ƙafarsa da idanunsa, sai ta tambayi Umma: "Hajiya, da yana jariri yana iya shan nono?" Umma ta ce a'a. "Yanzu kuma kuna kulle kicin?" Umma ta ce ji ta yi kamar matar ta taɓa kwana a gidanmu.

11/ An ɗiga jininsa a wata takarda, aka tura ɗakin gwaji a Italiya ta hannun IPWSO, ƙungiyar duniya ta masu wannan ciwo, wadda ke taimakawa da gwaji ga ƙasashen da ba a samunsa cikin sauƙi. Sakamako ya dawo, aka ba mu suna. Sunan bai rage masa yunwa ba, amma daga ranar ba a ƙara kiran mai ruƙiyya ya doke shi ba.

12/ To wannan likitar ce ta haɗa taron ranar Asabar. Iyalai bakwai ne, waɗanda ta tattara a shekarun aikinta. Daga Kano, Zariya, Katsina, Dutse. A ajin wata makarantar firamare aka yi, an jera bencina. Iyaye mata bakwai, maza biyu kacal. Abba ya kawo mu a mota, ya ce shi zai jira a waje, ai magana ce ta mata.

13/ Ni ma gaskiya ba don Allah na je ba. Ina da gwaji ranar Litinin, Umma ce ta matsa na raka ta don in riƙe Auta. Na zata irin taron nan ne da za a yi jawabi a ɗau hoto a watse.

14/ Muna shiga na tsaya cak. Yara shida, ba dangin iya ba na baba, amma kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ƙananan hannuwa da ƙafafu, siririn leɓen sama, idanun nan masu ɗan tsawo, gajarta, har tafiyar. Auta ya je wurin wata yarinya ya ɗora tafinsa a kan nata, ya juyo ya ce, "Yaya, ga mai irin hannuna." Shekara 12 bai taɓa ganin mai kama da shi ba.

15/ Aka kai yaran ajin gefe da ɗaliban jinya biyu, aka zube musu wasan haɗa hoton da aka yayyanka. Da yawansu gwanaye ne a wannan wasa, Auta ma ya fi ni nesa ba kusa ba. Kafin a fita da su sai da aka duba jakar kowace uwa, kamar a filin jirgi. Aka samu dabino uku a jakar wata. Ta rantse ta manta da su. Ɗanta kuwa tun a mota ya san suna ciki.

16/ Ba a fara da jawabi ba. Likita ta ce kowa ta faɗi sunanta da abu ɗaya da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Shiru. Sai wata daga Zariya ta miƙe, ba ta ce komai ba, ta kwance haɓar zaninta ta ajiye makullai a kan tebur. Ta Dutse ta ciro nata daga wuya, a igiya kamar laya. Wata ta zaro daga cikin ɗankwali.

17/ Ina kallon hannun Umma. Ta daɗe tana murza ƙullin. Sannan ta kwance, ta tashi ta ajiye namu. Tari bakwai a kan teburin malamin firamare. Wata ta fara dariya, sai duk aka kwashe, dariyar da ta koma kuka ba a san lokacin ba. Shekara bakwai Umma na ɓoye makullin nan kamar abin sata.

18/ Sai bayan nan likita ta yi bayani da alli a allo. Ciwon ya samo suna daga likitocin Suwizalan da suka fara bayyana shi a 1956: Andrea Prader, Alexis Labhart da Heinrich Willi. Ana ƙiyasin yana samun jariri ɗaya cikin 10,000 zuwa 30,000, mace ko namiji, kowace ƙabila. Ni mai lissafi sai na fara bugawa a kai. Da yawan haihuwar da ake yi a Arewa, iyalai bakwai ai ko kusa. Sauran suna can ana ce musu makwaɗaita.

19/ Kowane mutum yana da kuromosom 46, a jere biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A lamba 15 akwai wani ɗan yanki da na uba ne kaɗai ke aiki, na uwa a kashe yake tun asali. In na uban ya ɓace, babu mai maye gurbinsa. Abin sai ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yunwa, barci, zafin jiki, girma da balaga.

20/ Tana cewa "na uba", ɓangaren mata ya ɗau guna-guni. Ta Katsina ta ce, "Likita, maimaita, in ɗauka a waya!" Shekara goma dangin mijinta na cewa daga tsatsonta ne. Maza biyun suka sunkuyar da kai. Likita ta ɗaga hannu ta ce a'a, ba haka ba. Ba laifin uba ba ne, ba na uwa ba. Yankin yakan ɓace ne haka kawai wajen samuwar ciki. Wasu yaran ma kwafi biyu suka samu daga uwa, babu na uba. Ba abin da wani ya ci, ko ya yi, ko ya bari.

21/ A nan na waiga na ga Abba a bencin ƙarshe, hularsa a gwiwa. Ban san yaushe ya shigo ba.

22/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Jikinsu ba shi da tsoka kamar na sa'anninsu, don haka abincin da suke buƙata bai kai na sauran yara ba, ga shi yunwarsu ta fi ta kowa. Ƙiba ta zo da ciwon suga da matsalar numfashi. Yawancinsu ba su cika yin amai ba. Wani ciwo zai kama su ba zazzaɓi. Kuma ba sa jin zafi kamar yadda muke ji.

23/ Na karanta wannan na ƙarshen a intanet tun tuni. Ban taɓa haɗa shi da wata rana ba sai a bencin nan. Ina da shekara 16, gobe zan koma makarantar kwana. Abba ya yi mini sayayya da ƙyar: garin kwaki, suga, gwangwanin madara, ƙuli. Na fito wanka na tarar Auta a ƙarƙashin gado, madarar ta ƙare, garin ya yi rabi. Shekararsa 6.

24/ Na ɗauki wayar caja. Na zabga masa, bai yi kuka ba. Na ƙara, yana kallona kawai, bakinsa fari da madara. Na ce au, taurin kai ma za ka yi mini? Na ci gaba har hannuna ya gaji. Da daddare Umma ta cire masa riga ta ga bayansa. Rashin kukan nan da na ɗauka raini ne, shi ya sa na ƙara masa. Na tashi na fita daga ajin, na tsaya bayan tankin ruwa.

25/ Wadda ta biyo ni ita ce matar da ta zo ba yaro. Na lura tun farko, yara shida iyaye bakwai. Ta girmi Umma. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce, "'Yata, duk wanda ke ɗakin can ya taɓa duka. Wanke fuskarki mu koma, yanzu za a zo wurin da ya fi amfani."

26/ Da muka koma ita aka ba dama. Ɗanta ya rasu yana da shekara 17, kwana biyu bayan babbar sallah. Ya bi gidajen dangi gaisuwa, kowane gida aka cika masa kwano da nama, kowa na ganin ai sau ɗaya ne a shekara. Da dare ya ce cikinsa ba daɗi, a hankali ya faɗa, bai yi ihu ba, bai yi amai ba. Suka ce da safe a je kemis. Da safen cikin ya kumbura. Kafin a shiga da shi tiyata ya cika.

27/ Ta ce, "Ba maƙiyi ne ya ba shi ba. Duk masoyansa ne." Likita ta ƙara da cewa in mai wannan ciwo ya ce cikinsa na ciwo, ko ya yi amai, ko ya ƙi abinci, ba a jiran safiya, asibiti ake nufa a lokacin, a kuma gaya musu sunan ciwon. Ta raba wa kowa takarda mai bayani da sa hannunta, a riƙa yawo da ita.

28/ Ina ganin a nan matsalarmu ta bambanta da ta Turawan da nake karanta labarinsu. Su gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya, firij ɗaya. Mu yaro na unguwa ne. Maƙwabciya ta miƙo ƙosai ta katanga, mai shago ya ba da bashi, a islamiyya a raba sadaka, ga suna, ga biki, ga kaka da biskit a ƙarƙashin matashi. Duk tarbiyyarmu ta ginu a kan kada a hana yaro abinci. Abu ne mai kyau, wallahi ina alfahari da shi. Amma shi ne zai iya kashe mini ƙani.

29/ Sauran lokacin musayar dabaru aka yi, kuma nan ne na ga iyayen nan sun fi kowane littafi. Ƙaramin faranti, a cika rabinsa da kabeji, kokwamba ko zogale. A zuba a kicin, kada a kawo tukunya gabansa. Kuɗi ma abinci ne, a kulle su. Bola a fitar da ita kafin a kwanta. Tafiyar ƙafa kullum bayan la'asar, amma kada a bi ta layin masu awara.

30/ Ta Zariya ta ce abin da ya sauya gidanta shi ne allon kwali da ta liƙa a bango, da zanen abin da za a ci da lokacinsa. Yaron ya san me zai samu, ya san babu ƙari ko ya yi birgima. Ta ce ranar da ya tabbata kicin a kulle yake, ranar ya fi barci. In ya ga alamar akwai hanya, ko an taɓa yi masa ƙari sau ɗaya, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya gwada. Ni da nake ganin kwaɗon nan zalunci ne da ya zama dole, ban taɓa tunanin shi ma hutu yake ba shi ba.

31/ An taɓo magani. Akwai allurar sinadarin girma da ake yi kullum, tana taimakon tsawo da ƙarfin tsoka, amma ba ta kashe yunwar. Tana da tsada, kuma sai a firij, ga yanayin wutarmu. Iyali ɗaya ne cikin bakwai suka taɓa farawa, suka tsaya da kuɗi ya ƙare. A watan Maris 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vykat XR, maganin farko na rage wannan yunwa. Da aka ambace shi ba wanda ya ko tambayi kuɗinsa.

32/ Ni ma ina da tambaya, amma sai da aka tashi na samu likita ita kaɗai. Akwai wanda muke magana da shi, kuma mahaifiyarsa ta aiko a bincika ko "ciwon gidan nan" na gado ne, tunda Umma da Abba auren zumunci ne. Wata uku abin na cina, ban gaya wa ko Umma ba.

33/ Ta ce wannan ba kamar sikila ba ne da uwa da uba kowa ke ɗauke da rabinsa, auren zumunci ba shi ke kawo shi ba. Akwai wani nau'i ƙalilan da kan maimaitu a dangi, shi ya sa ake son sanin nau'in. Na Auta ɓacewar yanki ne, irin wanda yiwuwar ya sake faruwa ko ga Umma da Abba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ni kuwa kamar kowace mace nake. Ta ce in suna so su zo ta yi musu bayani da bakinta. Na ji sanyi. Sai kuma na ji haushin kaina da na ji sanyin, kamar ina neman takardar wanke kaina daga ƙanina.

34/ Tambayar da ba a amsa ba ita ce ta ɗaya daga cikin mazan. Ya ce, "Likita, in mun mutu wa zai riƙe makullin?" Masu wannan ciwo, ko sun girma, ko suna karatu da sallah da komai, da wuya su iya zama su kaɗai da abinci a buɗe. Ba wanda ya ce komai. Umma ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Mu biyu ne kawai a wurinta, ni da shi.

35/ A mota na juya na ce, "Auta, ka tuna ranar da na doke ka da wayar caja?" Ya ce eh, ranar madara. Na ce ka yafe mini. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce, "Na yafe. Za ki ba ni naman miyarki?" Na ce a'a. Ya ce, "To na yafe dai." Abba ya yi dariya har sai da ya rage gudu.

36/ Jiya Lahadi Abba ya ɗauki takardar likita ya je wurin mai shago, da malamin islamiyya, da gidaje huɗu na layinmu, da kansa. Umma ta bar kwaɗon a ƙofar kicin har baƙi suka zo suka tafi. An buɗe mana guruf a WhatsApp, mu bakwai da likita. In kun san gidan da aka haifi jariri a sake ba ya kama nono, daga baya ya koma ba ya ƙoshi, ku ce su je wurin likitan yara su ambaci sunan nan, Prader-Willi. Akwatin saƙona a buɗe yake.

37/ Saura Hajiya Kaka. Abba ya karanta mata takardar daga farko har ƙarshe, ta saurara, ta ce ta ji, amma ita jikanta ba zai shigo ɗakinta ranar sallah ya fita hannu rabbana ba. Layya saura wata biyu. Umma ta ce a kawo mata matar nan da ta rasa ɗanta su zauna su biyu. Na kira ta ɗazu, ta ce Alhamis za ta zo.